Ta Cikin Talabijin Ta Fi Ni Kirki

Masu karatu, ku ajiye tausayinku a bakin ƙofa tare da takalmanku, don ɗakin nan nawa ya riga ya cika da shi, ba wurin zama. Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni ce mai galahanga. An haife ni ban yi kuka da wuri ba, iska ta makara kafin ta isa ƙwaƙwalwata, sai sashen da ke ba gaɓoɓi umarni ya samu rauni. Ƙafata ta hagu jan ta nake yi. Hannuna na hagu a lanƙwashe yake, kuma yana da ra'ayin kansa. Magana tana fita daga bakina a hankali, kamar ana matsa man goge baki da ya kusa ƙarewa. Iyakar abin ke nan. Hankalina ƙalau, har ya yi wa wasu yawa. Ina aiki a shagon buga katin biki, ni ke tsara katunan a kwamfuta da hannu ɗaya, kuma duk angon da ya kawo min sunan amaryarsa a rubuce ba daidai ba sai ya ji a jikinsa.

To, ina zaman zamana, ban ci na kowa ba, aka ƙirƙiro min abokiyar gasa a talabijin.

Wani shiri ne mai dogon zango da ake nunawa duk Asabar da yamma. Tauraruwarsa yarinya ce mai irin lalurata, kowa a cikin shirin Baiwar Allah yake ce mata. Jama'a, yarinyar nan ba ta taɓa fushi ba. A zage ta, ta yi murmushi. A watsa mata ruwan wanke-wanke, ta ɗaga ido sama ta yi wa mutum addu'a. Ba ta aiki, ba ta da ƙawa, ban taɓa ganin ta ci abinci ba balle ta nemi ƙari. Kullum tana bakin taga cikin farar doguwar riga mai ƙananan maɓallai tun daga wuya har idon sawu. Maɓalli! Wallahi duk wanda ya zaɓa mata rigar nan bai taɓa kwana gida ɗaya da irinmu ba. Ni maɓalli ɗaya sai ya cinye min rabin safiya, shi ya sa duk kayana zif ne.

Kuma da ta bayyana sai wata sarewa ta fara kuka a bayanta. Ni shekara ashirin da ɗoriya ina jan ƙafar nan, ko sau ɗaya ba a taɓa busa min ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, a farkon shirin hannunta na hagu ne a lanƙwashe. Da aka tafi hutu aka dawo, sai ciwon ya yi ƙaura zuwa na dama. Na nuna wa mutanen gidanmu, Gwaggo ta ce in ji tsoron Allah, lalura ai ba a yi mata dokar inda za ta zauna. Sannan in an tafi talla, ita dai wannan yarinyar ce za ta fito da gudu tana shanya zannuwan gado tana tallar sabulun wanki, ƙafafu garau, har da juyi. A dawo daga talla, ta koma bakin taga, sarewa ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Da a cikin akwatin abin ya tsaya da ban damu ba. Amma ya fito ya biyo ni har titi. Wata mata ta tare ni a bakin shagonmu ta ce in sa ɗanta a addu'a zai rubuta jarrabawa, wai addu'ar irinmu ba ta faɗuwa ƙasa. Na ce mata ya yi karatu. Ta dube ni kamar na cuce ta.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar da shirin ya yi min, a kan Mai Dish ya yi ta.

Mai Dish shi ne saurayina. Sana'arsa ke nan, hawa rufin mutane yana saita musu dish. Ranar da muka haɗu yana kan rufinmu, ni ina falo ina ɗaga masa murya cewa hoto yana yayyagewa, bai iya aiki ba. Ya leƙo ya ce, "To malama, ki hawo ki gyara mana." Da ya sauko ya ga ƙafata, na gyara tsayuwa ina jiran ban-haƙurin nan da na saba ji, mai haɗe da sunkuyar da kai. Sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ko da ƙafa huɗu gare ki ba ki iya ba."

A wurin na kamu. Ba zan ɓoye muku ba, a wurin na kamu. Mutum na farko ke nan da ba ɗan gidanmu ba da ya ga na isa a yi faɗa da ni.

Rigima yake ce min. Saƙonsa na safe a da shi ne: "Rigima, kin tashi, ko kina can kina zagin mutane a mafarki?" Mu yi ta musu har in isa shago, a kan ƙwallo, a kan wa ya fi wani baƙin hali, a kan komai. Amma tun da mahaifiyarsa ta kamu da shirin nan, shi ma yake zama yana taya ta kallo, sai mutumina ya fara laushi. Ya daina katse ni in ina magana. Ya fara karɓe min jaka. In na tsokane shi sai ya yi wani murmushi irin na masu zuwa dubiya asibiti. Ga saƙon da na tashi da shi ranar Asabar ɗin da zan ba ku labari:

"Barka da safiya baiwar Allah. A sa mu a addu'a."

Na rubuta: "Allah ya shirye ka."

"Amin. Na gode sosai."

Kun gani ko? Zagi na yi, ya karɓa da hannu biyu. Na daɗe ina kallon wayar, don ban san wa yake nema da aure yanzu ba, ni ko ta bakin taga.

A ranar ce mahaifiyarsa za ta zo ganina karo na farko. Ita ta zaɓi Asabar da kanta, wai don mu kalli kashi na ƙarshe na shirin tare.

Tun safe gidanmu ya rikice. Umma ta sa an cire ledar da ke kan kushin tun ranar da aka sayo su, an canja labule, an fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa shan komai da su ba. Ni kuma na ciro jar rigata mai zif a gaba da faɗin hannu, wadda in na sa ta nake jin duniya ma tawa ce. Ina cikin gwada mayafi Gwaggo ta faɗo ɗakin. Yayar Abba ce, kuma tun da aka fara zancen auren nan ta tare a gidanmu da jakarta da ra'ayoyinta.

"Wannan jan abin fa? Gobara za ki kashe?"

"Ita zan sa, Gwaggo."

Ta buɗe leda ta zaro wata farar doguwar riga. Ba sai na gaya muku me ke jere a gabanta tun daga wuya har ƙasa ba.

"Na sa tela ya duba ta cikin talabijin ya yi miki irinta sak," in ji ta, tana alfahari. "Matar nan son yarinyar take kamar ta haɗiye ta. In ta shigo ta gan ki haka, magana ta ƙare. Kuma ki riga ta zama, can kusa da taga, kada ki tashi. Ba sai ta ga tafiyar ba tun yau."

"In an yi auren fa? A kai za a riƙa ɗaukata?"

"Kin ji ko? Kin ji bakin nan ko?" Ta juya wajen Umma da ke tsaye a ƙofa. "Wannan bakin shi zai kore shi, ba ƙafar ba."

Na zaci Umma za ta tare min. Sai ta shigo ta zauna a gefen gadona, ta ɗauki jar rigar tana ninkewa a hankali, ba ta dube ni ba.

"Yayarsu," ta ce, don haka take kirana, "yau kaɗai. Ki rage baki, ki yi murmushi, a rabu lafiya. Ni ba dawwama zan yi ba. Ina so in ga kina da naki gidan kafin in rufe ido."

Da faɗa ta yi da na rama. Amma na san matar nan ta goya ni har na kai shekarun da ake jin kunyar goyo. Na ce a kawo rigar.

Auta, ƙanwata, ita ta durƙusa tana ɓalla min maɓallan ɗaya bayan ɗaya tana danne dariya. "Yaya, wallahi kin yi kama da wadda za a shiga da ita tiyata."

"Ki gama ki ba ni wuri, munafuka."

Ita shuɗiyar rigarta ta zaman gida ta sa, ko hoda ba ta shafa ba, don aikinta a ranar kawo shayi ne kawai.

Ƙamshin turaren Hajiya, mahaifiyar Mai Dish, ya riga ta shigowa. Doguwa ce, mai jiki, da tabarau mai sarƙa da wata jaka da za ta iya ɗaukar jariri. Zobba kuwa kowane yatsa da nasa, wani ma biyu. Tana hango ni a bakin taga cikin farar riga ta dafe ƙirji.

"Allahu Akbar! Sak! Wallahi sak!"

Ta matso ta sunkuyo daidai fuskata, ta buɗe murya kamar mai kiran wani a tsallaken titi. "SAN-NU! YA JI-KI?"

"Lafiya lau, Hajiya. Ina wuni?"

Ta juya wajen Umma da mamaki. "A'a, tana magana! Tana gane mutane?"

"Aiki ma take yi," in ji Umma da sauri. "A kwamfuta."

"Ikon Allah. Suna samun abin da zai ɗebe musu kewa."

Na buɗe baki, Umma ta harare ni, na mayar da shi murmushi. Masu karatu, murmushi aiki ne. Kumatuna har yau ciwo suke.

Aka kunna talabijin. Auta ta kawo shayi da biskit a tire, ta durƙusa ta zuba wa kowa, ta koma gefe. Sarewa ta fara.

Ga abin da ya faru a kashi na ƙarshe, ga waɗanda Allah ya tsare ba su gani ba. Akwai wani saurayi ɗan masu hali da ya yi alkawarin auren Baiwar Allah, duk zangon nan a kan haka ake ta fama. An sa rana, an gama komai. Sai ta leƙa ta tagarta ta hango shi a tsakar gida yana dariya da ƙanwarta, wata lafiyayya mai tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Ta kira su ɗaki. Ta kama hannunsa, ta kama na ƙanwar, da hannun da aka ce ba ya aiki fa, ta haɗa su. Ta ce, "Ni nauyi ce a gare ka. Ka auri ƙanwata. Farin cikinku shi ne nawa." Saurayin ya ɗan yi gardama ta minti guda don kada a ce bai yi ba. Daga nan sai biki. Aka nuno ta a bakin taga tana murmushi, ana rubuta sunayen waɗanda suka shirya wannan ta'asa.

Falonmu ya koma gidan makoki. Gwaggo tana fyace hanci da gefen mayafi. Hajiya ta cire tabarau tana kuka har da shessheƙa. Ni ina lissafin yadda aka yi ta iya riƙe hannu biyu a lokaci guda, don ni ko kofi sai na yi shawara da nawa.

Aka kashe talabijin. Sai na lura idanun Hajiya sun bar akwatin sun dawo kaina, daga kaina suka zarce kan Auta da ke tattara kofuna.

"Ita wannan ta gama makaranta?"

"Bana ta gama," in ji Gwaggo.

"Ma sha Allah. Ga natsuwa."

Ta taso ta dawo kusa da ni, ta zauna har kushin ya nutse, ta kamo hannuna na hagu ta riƙe cikin nata. Yanzu ta rage murya, ta koma irin ta masu ba da haƙuri.

"'Yata, kin ga darasin da ke cikin shirin nan ko? Irinku Allah ya wanke muku zuciya. Ba ku da son kai irin namu. Ɗana yaro ne mai tausayi, in ya ɗauki abu ba ya iya ajiyewa ko da ya fi ƙarfinsa. Sai dai wanda ya fi shi hankali ya sauke masa. Ni dai gidan nan ya kwanta min, ba na so zumuncin ya wuce mu. Na san kin gane."

Na gane. Umma ma ta gane, don na ga tiren da ta karɓa daga hannun Auta ya karkace.

To, akwai abin da masu shirin ba su taɓa nunawa ba, don ba su san shi ba. In raina ya ɓaci, jikina ne ke fara sani. Tsokar hannun nan sai ta ɗaure tamau, yatsun su damƙe duk abin da suka samu, kuma ko ni ban isa in ce su saki ba. Abin da suka samu a ranar shi ne yatsun Hajiya da zobbanta.

Da farko ta ɗauka ƙauna ce. "Allah sarki, ta riƙe ni." Ta ɗan ja, bai saki ba. Ta sake ja. Zobban suka fara nutsewa cikin naman yatsunta, murmushinta ya fara tsinkewa.

"'Yata, sakar min hannu."

"Ba ya saki, Hajiya," na ce. Maganar tana fita a karkace, kalma tana jan kalma, amma tunda a riƙe take dole ta tsaya ta ji har ƙarshe. Ban taɓa samun mai sauraro irinta ba. "Kuma ni ba ni da kirki. Ki tambayi kowa a gidan nan. Ina da son kai, ina da fushi, ina cin abinci har in nemi ƙari. Ɗanki ba ɗaukata ya yi ba, da ƙafata na zo, ko da jan ta nake. Ina son sa. Ban ba kowa shi ba."

"Innalillahi! Ke!" Gwaggo ta yi kaina tana ƙoƙarin ɓamɓare yatsuna, abin da ke ƙara ɗaure su. Hajiya ta fara kiran sunan Allah da gaske, ba irin na kallon talabijin ba.

Auta ce ta ture Gwaggo. Ita ta san yadda ake yi tun tana ƙarama. Ta durƙusa, ta tallafi gwiwar hannuna, ta lanƙwasa wuyan hannun ƙasa a hankali tana shafa bayansa, tana cewa, "Yi numfashi, Yaya. Yi numfashi." Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya ta zare hannunta tana hura shi. Ta dubi shatin zobban, ta dube ni, sannan ta dubi Auta da ke durƙushe, ta daɗe tana dubanta.

"Kai, yarinyar nan akwai hankali," ta ce. "Ga iya jinya."

Wato duk jawabin da na yi, talla na yi wa ƙanwata.

Ba ta ƙarasa shayinta ba ta tafi. Ko gama rufe ƙofa ba a yi ba Gwaggo ta fara: ai ga irinta nan, ai ta faɗa, kuma in an duba ma maganar matar ba ta mugunta ba ce, duk gida ne, in Auta ce a can ai ni ma na samu inda za a riƙa kula da ni.

Auta ta fashe da kuka. "Ni me na yi? Shayi kawai na kawo!"

"Yaya, ya isa," in ji Umma. Ban taɓa jin ta katse Gwaggo ba sai ranar.

Umma ta biyo ni ɗaki. Ta durƙusa ta fara ɓalle maɓallan da kanta. Da ta kai tsakiya haƙurinta ya ƙare, ta kama rigar da hannu biyu ta fizge, sauran suka watse a ƙasa. Ta miƙo min jar rigata.

"Ban san abin da ya kawo ta ke nan ba," ta ce. "Da na sani da ko ruwa ba ta sha ba."

Ta fita. Rana ba ta gama faɗuwa ba, yara suna ta ƙwallo a layi, ni kuma ina zaune da waya a cinya. Saƙonsa yana jirana.

"Ya kuka yi da Hajiya? Na kalli na ƙarshen a gidan da nake aiki. Wallahi sai da na yi hawaye."

Hawaye. Mutumin da ya ce ko da ƙafa huɗu gare ni ban iya ba.

Na san ba kyau a gwada mutum. Na san wanda ya gwada dole ya shirya jin amsa. Amma ba zan iya shiga gidan mutum ban san wa yake gani in ya dube ni ba. Mahaifiyarsa na ji nata. Nasa nake so in ji, daga bakinsa, ba tare da na ba shi satar amsa ba. Da babban yatsana na dama, wanda bai taɓa ba ni kunya ba, na rubuta masa maganar yarinyar nan kalma da kalma:

"Ni nauyi ce a gare ka. Ka auri ƙanwata. Farin cikinku shi ne nawa."

Na tura. Alamar ya karanta ta fito nan take.

Na san abin da Mai Dish ɗina zai ce. Zai turo sitikar nan ta mai dariya har da faɗuwa, ya ce, "Rigima, wa ya ara miki wannan halin? Mayar masa kafin ya nema." Ko ya kira ni ya zazzage ni tas, in rama, mu shirya. Wallahi ban taɓa ƙishin a zage ni irin na wannan lokacin ba.

Yana rubutu. Ya tsaya. Yana rubutu. Ya sake tsayawa. Hannuna na hagu ya damƙe zanin gado.

Sai saƙon ya shigo.

"Ita Auta ta sani?"